Masu Taya Kabo Cin Tuwo

A wata 'yar unguwa da ke gefen Balan, a ƙasar Gaya, har yau in yaro ya cika hannu da loma sai ka ji uwarsa ta ce masa, "Sannu, Kabo." Yaron bai san wane ne Kabo ba. Uwar ma sau da yawa ba ta sani ba, gadon maganar ta yi. Ni kuwa na san shi ta bakin gwaggona Barira, wadda danga ɗaya ce ta raba gidansu da nasa, dangar kuma ta kara ce, ba ta riƙe sirri. Ba ta taɓa kai labarinsa ƙarshe ba tare da ta share ido da gefen zane ba. To, ku gyara zama, don mutumin nan an yi masa ƙazafi, kuma shi ya riƙe wa masu ƙazafin tsani.

Abin da za ku fara sani shi ne Kabo ba mai ci ba ne. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, malmala ɗaya ta ishe shi har ya rage wa kare. Manomi ne ɗan asalin Maguzawan yankin, kuma ubansa ya bar masa doka guda: hatsin bana ba a taɓa shi sai na bara ya ƙare, na bara kuma sai na bara waccan ya ƙare. Shi ya sa rumbunansa biyu ba su taɓa sanin yunwa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ya zama Kirista, shi da matarsa Lami. Da aka yi masa baftisma an sa masa suna Filibus, amma sunan bai kama ba, don ko shi in an kira shi da shi sai ya waiga ya ga wa ake nema. Cocinsu ɗan ɗakin jinka ne a ƙetaren rafi, inda sauran 'yan gidajen Kiristocin suke, ƙararrawarsu kuwa tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin maina. Mai bisharar wurin shi ne Malam Maikuɗi. Suna ne kawai. Dukiyarsa duka keke ne marar birki, wanda yake tsayarwa da dunduniya.

A ƙasarmu, kun sani, kwano ba ya komawa wayam. In maƙwabciya ta aiko miki da dambu, ba za ki wanke kwanon ki mayar haka nan ba. Ko 'yar gyaɗa ce, ko daddawa, ko ƙwai, sai kin ɗora wani abu. To wata Lahadi Malam Maikuɗi ya ɗauko maganar alheri, ya kuma biyo da ita ta wannan hanya. Ya ce alherin da Allah ya yi wa mutane ta wurin Yesu Almasihu kamar akushi ne da aka aiko maka cike, ka ci ka ƙoshi, ka tashi ka duba gidanka daga zaure har bayan ɗaki, ba ka ga abin da zai isa ka zuba a mayar ba. Haka za ka miƙa shi wayam, mai akushin kuma ba zai ji haushi ba, don dama bai aiko don a rama masa ba. Ya ce wanda ya ɗanɗani irin wannan, ya kamata shi ma hannunsa ya koyi bayarwa haka.

Kowa ya ce amin, ya tafi gida ya manta. Kabo kuwa maganar ta maƙale masa kamar ƙayar kifi. Yana da wani baƙin akushi da ya gada daga uwarsa, mai tsagewa a baki an ɗinke da waya, duk unguwar an san shi. A hanyar komawa gida ya gaya wa Lami cewa kafin ya mutu, ko sau ɗaya ne, sai akushin nan ya fita cike ya dawo wayam. Lami ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kuma tuna masa ko wane ne maƙwabcinsu.

Maƙwabcin shi ne Mala. Babarbare ne Musulmi, kakansa ya zo daga Barno da fataucin kanwa ya zauna. Shi Mala a nan aka haife shi, Barbarcin da ya rage masa bai wuce na gaisuwa da na zagin jaki ba. Dogo ne siriri, yana ɗora kanwa a jakinsa daga kasuwar Gaya ya zaga da ita ƙauyukan Gafasa da Ajingi. Tare suka yi ƙuruciya da Kabo, tare suka sha dukan masu gonar rake. Aibinsa ɗaya ne: ya gwammace ya wuni da yunwa da a ce wani ya fi shi hannu.

Kabo ya aika da fura, akushi ya dawo da dabino. Ya aika da ƙwan zabi, akushi ya dawo da zabuwa a zaune a ciki an ɗaure mata ƙafa, tana ta masifa. Da Kirsimati Mala ne ke yanka wa Kabo akuya don kowa ya iya ci, a kai masa shinkafa da nama. Da Babbar Sallah kuwa sai ga cinyar rago da ta fi ƙarfin akushin, har sai an kifa shi a kanta kamar hula. Da Kabo ya gaji, sai ya haɗa da saƙo cewa don Allah kada a zuba komai. Mala ya ɗauki wannan a matsayin gori, ya ninka.

Rannan Kabo ya same shi a zaure, ya zauna ya zayyana masa wa'azin nan tun daga farko, har da zaure da bayan ɗaki. Mala ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce malamin nasu ya faɗi gaskiya, su ma haka suka sani, ba mai iya rama wa Allah.

"Amma kai ai ba Allah ba ne," in ji shi. "Kabo ne. Kai kuwa zan iya rama maka."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Zabuwar nan ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi jikoki. Kabo ya kai kuka wurin Malam Maikuɗi cewa shi kaɗai ne mutumin da kyauta ke azurtawa ba da sonsa ba. Malam ya kalli kekensa, ya ce akwai masu roƙon a jarrabe su da irin wannan. Kabo ya ji tausayinsa ya aika masa da kaza. Akushi ya dawo da ganyen zogale, Malam da kansa ya kawo, ya kuma ɗora da addu'ar da sai da tuwon Lami ya huce kafin a kai amin.

Sai fari ya zo, na shekarar 1973. Tsofaffinmu ba sa son dogon zance a kansa, ni ma ba zan ja shi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kabo ya buɗe ɗaya daga rumbunansa ga duk unguwar, bai tambayi kowa inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba. Mutane ba su da abin ramawa, amma ba su yarda sun mayar da kwano wayam ba: wannan ta saƙa faifai, wancan ya tufka igiya, mafi yawa kuwa tsintsiya. Lami ta ce tsintsiyar da ke ɗakinta ta isa a share hanya daga Balan har Gaya a dawo.

Gidan Mala ya fi kowa shan wuya, don yaransa da yawa, kanwa kuma ba mai saye; wa zai nemi kanwa ba shi da waken da zai dafa? Tafasa suke ci da dusa. Duk da haka kullum Mala zai fito ƙofar gida da tsinken sakace a baki, yana sakace haƙoran da ba su tauna komai ba.

Kabo ya cika akushi da tsabar dawa ya aika. Akushin ya dawo a ɗaure a bayan akuya, ita ce ta ƙarshe a gidan. Ya sake aikawa. Ya dawo da babbar rigar Mala ta zuwa idi, an naɗe ta an danna a ciki. Washegari Falmata, matar Mala, ta tare Lami a bakin rijiya, ta ja ta gefe.

"Yaya Lami, ki roƙi maigidanki ya ji tausayinmu ya daina ba mu," in ji ta. "Saura jaki. In ya sake aiko da ko ƙwayar dawa, jakin nan ne zai zo gidanku. In jaki ya tafi kuwa, ko an yi ruwa mun tafi."

Kun ga inda Kabo ya tsinci kansa. In bai bayar ba, yaran abokinsa na ramewa a gaban idonsa. In ya bayar, ya raba abokin da abin neman abincinsa. Maganar akushi ta tashi daga burin ransa ta koma maganar jaki da cikin yara.

Sai ya yi tunani, ya kuma ga tunanin ya yi kyau ƙwarai. Zai bayar a ɓoye. A wancan zamani masallacin Juma'a sai an je Gaya, tun da hantsi mazan unguwar ke kama hanya, wasu a ƙasa wasu a jaki, ba sa dawowa sai la'asar. Ba mai ganinsa ke nan. Bai tsaya ya lura ba cewa ranar Juma'a da tsakar rana, a duk wannan ɓangaren rafin, namiji mai gemu ɗaya ne tak ke saura, kuma shi ne.

Ya ɗauki damin dawa a ka, yana sanɗa kamar mai kamun zabo, har ƙofar zauren Mala. Da ƙafarsa ta taka dokin ƙofa sai bakinsa ya yi abin da ya saba tun yana yaro, ya rangaɗa sallama. Daga cikin gida Falmata ta amsa, ta kira shi da sunan 'yarsa, ta ce, "Maraba da Baban Kulu. Ai maigidan ya tafi masallaci."

Kabo ya tsaya da dami a ka. Ya maƙale murya ya ce ba shi ba ne. Falmata ta ce to, in ba shi ba ne, ya gaishe mata da Yaya Lami. Can ya tuna ƙarya zunubi ce, sai ya matsa jikin danga ya ce, a gaskiya shi ne.

Falmata ta leƙo ta ga damin, idonta ya cika, amma ta roƙe shi ya koma da shi kafin a sauko. Ta ce ana iya ɓoye wa miji abubuwa da yawa, amma ba a ɓoye tuwo ga wanda zai ci shi. Loma ɗaya zai kai ya tambayi daga ina. Haka Kabo ya juya da daminsa. Gwaggo Barira ta ce ita ce kyauta ta farko a unguwar da ta je har ƙofar gida ta yi sallama ta koma.

Bazara ta kawo jiki, sai Kabo ya ga gara ta cinye gindin tsohon rumbunsa, na ubansa, wanda ba a taɓa ba tukuna. In ruwa ya sauka zai zube. Wani manomin da kuka zai yi. Kabo kuwa ya durƙusa ya gode wa Allah da ya halicci gara, har Lami ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Ya tafi wurin Mala ya ce taimako ya zo nema: rumbunsa zai faɗi, na Mala kuma ba komai a ciki, ko zai ba shi ajiya? Mala ya ji shi ne mai yin alherin, ya miƙe tsaye har ya ƙara tsawo. Suka wuni suna jidar dammai. Da aka gama, Kabo ya yi kamar maganar ba ta dame shi ba, ya ce in an buƙata a riƙa ɗiba.

Mala ya dube shi kamar ya zage shi. Ya ce wannan amana ce, kuma ba a taɓa jin an ci amana a zuriyarsu ba. Ya kwaɓa ƙasa ya liƙe bakin rumbun, ya mayar da jinka, ya kewaye shi da ƙaya, ya kafa wa yara doka ko inuwarsa kada su zauna. 'Yan ƙwayoyin da suka zube wurin jida ma ya sa aka tsince su ɗaya bayan ɗaya, aka zuba a akushin da Kabo ya manta a can, aka kai masa. Akushi ya sake dawowa ba wayam ba. Gidan Mala kuma suka ci gaba da cin tafasa, yanzu a gefen rumbu cike.

Damina ta sauka, lokacin da yunwa ta fi cizo, don ga noma ga ciki ba komai. Rumbun da ke gidan Kabo ya ƙare ƙarƙaf a bakin mutanen unguwa. Ana haka sai ga saƙo daga wajen Gafasa, 'yarsu Kulu ta sake haihuwa, ba mai kula da ita. Lami ta ƙulle ɗan garin da ya rage a tsumma, ta ɗaura kayanta, ta kife tukunya a tsakar gida. Kabo ya tambaye ta shi kuma fa?

"Maigida, hatsinka na gidan Mala," in ji ta. "Kai ma ka bi shi."

Ta sa kai ta tafi. Gwaggo Barira ta rantse cewa ta ga Lami da Falmata sun daɗe a bakin rijiya ana gobe tafiyar, guga ma ba su zura ba. Ni dai ban ce komai ba.

Kabo ya kakkaɓe ƙwarya ya sami ɗan abin da zai gwada tuƙi da shi. Abin da ya fito daga tukunyar, karensa ya sansana, ya dube shi, ya koma gidan maƙwabta da zama. Da yunwa ta ci ƙarfinsa ya ɗauki akushinsa, ya tafi ya roƙi Mala ya fasa rumbu ya ba shi dami guda. Mala ya fasa, ya ciro, sannan ya tambaye shi wa zai yi sussuka, wa zai yi surfe, wa zai niƙa, wa zai tuƙa. Kabo ya ce shi. Mala ya riƙe baki. Ya ce yana raye, maƙwabcinsa mai furfura ba zai tsaya gaban turmi da taɓarya ba, a je ana faɗa a kasuwar Gaya cewa unguwar su Mala ce. Ya ɗaga murya ya ce wa Falmata ta karɓi hatsin Kabo ta yi wa Kabo tuwo, shi kaɗai, kada ƙwaya ta ɓata hanya.

Falmata ta ce to. Sai dai ta aiko da bayani cewa tukunyarta ta babban gida ce, tuwon mutum ɗaya kamawa yake a gindinta ya ƙone, don haka ta cika ta.

Aka kawo akushi zaure, tuwon dawa yana tururi, da miyar kuka. Yaran gidan suka jeru a bakin ƙofa, suka zuba idanu. Kabo ya wanke hannu, ya kai shi bakin akushi, ya ɗago ya ga idanun nan. Ya janye hannunsa. Wannan kam ba dabara ba ce. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ana kallonsa ba, ko ya kai baki ba zai wuce ba. Mala ya ce hatsinsa ne, ya ci abinsa, su sun ƙoshi, ya kuma gyara tsinken sakacensa. Kabo ya ce to, bari ya huce, a ba kaji.

Suka zauna. Tururi ya ragu. Cikin Mala ya yi wata ƙara mai tsawo, ya waiga ya zagi jaki da Barbarci. Kabo ya fara laluben takalminsa. Nan fa Mala ya shiga tsaka mai wuya, don in cin amana abin kunya ne, baƙo ya fita daga zaurenka da yunwa ga abinci a gabansa ya fi shi, kuma kowa ya san mai gida shi ke taya baƙo ci don ya saki jiki. Ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannu a hankali.

"Ka sani fa, Bamaguje, ba ci nake ba. Taya ka nake."

"Na sani, Babarbare. Allah ya saka da alheri."

Mala ya taya shi sosai. Da suka ga tuwon ya fi ƙarfin mutum biyu, Kabo ya ce ko yaran nan za su kawo agaji? Mala ya daka musu tsawa, ya ce suna tsaye suna kallon babansu Kabo na fama, ba mai tarbiyyar da zai taimaka? Suka taimaka. A cikin gida kuma Falmata ta ce barin sauran na tukunya ya lalace almubazzaranci ne, ita da 'yan matan suka taya daga can.

Daga ranar Kabo ya zama ɗan gida. Da safe koko, da rana fura, da yamma tuwo, kullum gidan Mala na kan aikin taya shi. Shi kuwa malmalarsa ɗaya ce kamar kullum. Amma in ya dubi wuyan yaran ya ga har yanzu da saura, sai ya ce wa Falmata ta bayan danga abincin bai isa ba, a ƙara. Bai yi ƙarya ba, bai isa ba ɗin. Falmata ta ƙara.

To, turmi ba ya daka a ɓoye. Matan unguwa suka ji irin dakan da ake yi a gidan Mala, duk da sunan cikin mutum ɗaya. Magana ta fita: ashe Kabo da ake yabo da kyauta, ci ne da shi kamar gara, shi ya sa Lami ta gudu. 'Yan mata suka sa shi a waƙar daka, suna cewa ɗan ƙaramin tulu ya shanye rijiya. Ga kuma barkonon Falmata, wanda Kabo bai taɓa iya ci ba. Kullum yana ci yana hawaye, masu wucewa suka ce don daɗi ne yake kuka.

Mala ma bai rage masa ba. Ya murmure, jaki ya sami dusa ya murmure, suka koma zagayen ƙauyuka. Duk inda ya sauke kaya sai ya ba da labarin nauyin da Allah ya ɗora masa: maƙwabci ne matarsa ta tafi, shi da iyalinsa kaf sun bar aikinsu suna taya shi ci, kuma har yau ba su ga ƙarshen cikinsa ba.

Maganar ta ƙetare rafi. Malam Maikuɗi ya zo, ya tsayar da keke da dunduniya, ya sami Kabo a gona. Ya yi masa nasiha a hankali kan haɗama, ya ce a shekarar yunwa bai dace a san mai bi da wannan ba, mutane na kallo. Abin ya yi wa Kabo zafi. Ya buɗe baki zai warware masa komai, sai ga Mala ya biyo ta hanyar gonar, yana kora jakinsa da kaya, jakin na kaɗa kunne. Kabo ya bi shi da ido. Ya san in gaskiyar ta fita ta zaga ta koma kunnen Mala a bainar jama'a, kafin la'asar jakin na ɗaure a ƙofar gidansa. Ya rufe baki, ya sunkuyar da kai.

"Malam, a sa ni a addu'a," in ji shi.

Aka kuwa sa shi. Ranar Lahadi, a gaban kowa, da sunansa, har da Filibus ɗin. Ya fi kowa ƙarfin amin. Gwaggo Barira ta ce daga baya ta ji yana gaya wa Lami cewa a ranar ce ya gane wani abu: ashe duk shekarun nan yana jin daɗin a ce masa mai kyauta, kuma wannan ma wani abu ne da ake zuba masa a akushi bai lura ba. Da aka kwashe shi ya ji zafi, sannan ya ji sakayau.

Allah ya ba da damina mai kyau. Ranar da aka share gindin rumbun Mala, gero ya riga ya isa tumu. Lami ta dawo, ta ji waƙar tulu a bakin rijiya, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta daka furar sabon gero, ta cika baƙin akushi, ta aika gidan da ya riƙe mata miji, don haka ake yi. Kabo bai sani ba sai da aka kai. Hankalinsa ya tashi, ya zauna a tsakar gida yana sauraren ko zai ji takun jaki.

Da la'asar sai ga sallamar Mala, shi kaɗai, a ƙasa. Ya shigo da akushin a hannu, an rufe da faifai, ya ajiye a gaban Kabo, ya zauna yana kallon wani wuri daban. Kabo ya ɗaga faifan. An wanke akushin tas, har cikin ɗinkin wayar. Ba komai a ciki.

"Na duba daga zaure har bayan ɗaki," in ji Mala. "Ban ga abin da zai isa ba."

Kabo ya riƙe akushin da hannu biyu. Mala ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in Kabo ya kuskura ya faɗa wa wani, zai shaida a kasuwa cewa har dusar jaki ya ci.

Bai faɗa ba. Gwaggo Barira, da ke tsintar wake a jikin danga, ita ma ta riƙe bakinta har su duka biyun suka kwanta dama. Kabo ya rataye akushin a ɗaka, bai yarda an sake zuba komai a ciki ba, Lami ta yi mita ta gaji. Akuyar nan ta Mala kuwa, da ta haihu, 'ya'yanta suka riƙa ɓata hanya suna shiga tsohon gidan uwarsu, ba kuma wanda ya je nema. Jakin kuwa, tsufa ne ya kashe shi, a ƙofar gidan ubangijinsa.

Sunan dai bai saki Kabo ba. Duk bikin da Kabo ya je, sai a ajiye masa akushi biyu ana ƙyafta ido, shi kuma ya yi godiya ya kira yara su taya shi. Da ya rasu, wajen ƙarshen shekarun saba'in, Mala ya ƙetare rafi zuwa wajen coci ya zauna wurin makoki tun safe, bai tashi ba. Malam Maikuɗi ya tambaye shi, a matsayinsa na maƙwabci, ko yana da abin da zai ce a kan mamacin. Mala ya ce mutumin kirki ne, sai dai ci. Ya sa hannun riga ya goge fuska, ya ce barkonon Falmata ne tun na safe bai sake shi ba.